Kada a Sayar da Gona Saboda Bizar Umara

Tun da aka gama kaka, aka ɗaure dawa aka zuba a rumbu, wasu mata suka fara zagaya gidajenmu. Da la'asar suke zuwa, lokacin da maza ke kasuwa ko bakin masallaci. Mace za ta yi sallama cikin baƙar abaya, ƙamshin turaren Makka na tashi a jikinta, ta zauna a tabarma kamar 'yar gida, ta fiddo dabino da 'yar gorar zamzam ta miƙa wa tsohuwar gidan. Sai an sha an shafa, an yi addu'ar Allah ya kai mu, sannan ta buɗe waya. Ga wance 'yar Kibiya a bakin Harami. Ga wance ta wajen Rurum, shekararta biyu kacal da tafiya, ta yi wa uwarta ciki da falo da rufin kwano. Daga nan sai maganar da ta kawo ta: akwai gurbi, Larabawa na neman masu aiki kafin azumi, riyal 1,000 a wata, ci da sha da makwanci duk a wuyan uwar ɗaki, ga ɗawafi duk lokacin da aka ga dama. Kuɗin tafiya kuwa ba sai an biya duka ba, a kawo rabi, sauran a riƙa cira a albashi.

Rabin nan gona ce. A Nariya da Tarai da Durba ba mu da wata kadara da za ta tashi kuɗin jirgi in ba gona ba ko shanun huɗa. Yanzu haka na san gida uku da ake maganar jingina ko sayarwa, shi ya sa nake wannan rubutu a gurguje, kafin a tara shaidu a sa hannu.

Ban ga laifin wanda zuciyarsa ta motsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa wata guda bayan haka, kowa ya ji a jikinsa. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi hawa ne a gare shi. A 2024 riyal ɗaya ya kai wajen naira 400. Ke nan riyal 1,000 ɗin da ake ambata ya tasam ma naira 400,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar bai wuce naira 70,000 ba. Bazawarar da aka sako da 'ya'ya uku, tana ƙuli-ƙuli tana surfe, in ta ji wannan lissafi dole barci ya ƙaurace mata. Lissafin daidai ne a takarda. Abin da ba a faɗa mata ba shi ne irin bizar da za a buga mata.

Biza ce ta umara, ko ta ziyara. Izini ne na mutum ya shiga ya yi ibada ya fito, iyakar zamansa kwana 90, kuma ba ta halatta aiki ko na yini ɗaya. Mai aikin da ya shiga ta ƙofa yana tafiya ne da bizar aiki, da sunan wanda ya ɗauke shi, wato kafili, a yi masa katin zama da ake kira igama. Masu aikin gida kuma akwai kafar gwamnatin Saudiyya mai suna Musaned da ake rubuta yarjejeniyarsu a kai, da albashi da sunan gidan. Wadda aka kai da bizar umara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ranar da kwanakinta suka cika ta zama mai laifi a idon hukuma. Ba ta buɗe asusun banki, ba ta kama haya da sunanta, in ciwo ya kama ta tsoron asibiti take kamar yadda take tsoron askarawa. In uwar ɗaki ta hana ta albashin wata shida, ina za ta kai ƙara, alhali ita za a fara kamawa? Ejan ɗin da ya shirya tafiyar ya san wannan sarai. Da gangan ya zaɓi wannan biza, domin ita ce mai sauƙin samu, kuma ita ce ke rufe bakin wadda aka cuta.

Da can akwai wani shinge. Manya za su tuna watan Satumban 2012, lokacin da hukumomin Saudiyya suka tsare maniyyata mata 'yan Nijeriya sama da 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina saboda ba su da muharrami, aka dawo da da yawa daga cikinsu, har gwamnati ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. A 2022 Saudiyya ta sanar cewa mace na iya zuwa umara ba muharrami. Sauƙi ne ga mai niyyar ibada, amma dillalai sun riga kowa gane amfaninsa gare su. Yanzu yarinya 'yar shekara 19 na iya hawa jirgi a Kano ba wanda zai tambaye ta ina ubanta ko yayanta.

'Yar ƙanwar mahaifiyata ta bi wannan hanya. Ba zan faɗi sunanta ba, ita ta ba ni izinin in ba da labarin. Aurenta ya mutu tana da yara biyu, aka jinginar da gonar gadonsu ta bakin fadama, aka sayar da bijimi ɗaya. Ni na raka ta filin jirgin Malam Aminu Kano, ina ta sa mata albarka, domin ni ma a lokacin ban san bambancin biza da biza ba. A Jidda wata mata ta tarbe su su shida, ta karɓe fasfo ɗinsu wai za ta adana musu. Umara ɗaya ta yi, da daddare, a gaggauce. Kashegari aka kai ta wani gida mai hawa uku.

Wata biyu ba mu ji ɗuriyarta ba. Sai wani dare wajen ƙarfe biyu saƙon murya ya shigo wayata daga baƙuwar lamba. Raɗa take yi, ina jin ƙarar injin wanki a bayanta. "Yaya, ni ce. Kada ka gaya wa Inna. A ɗakin ajiyar kaya nake kwana, daga asuba har ɗayan dare ina tsaye. Hannuna duk ya tsage da ruwan wanke banɗaki. Kuɗin kuma ba ni ake ba, matar da ta kawo mu ake ba, ta ce sai na gama biyan bashi." Na saurari saƙon nan ya fi sau goma kafin gari ya waye. Na kira ejan ɗin da ya karɓi kuɗinmu, ya ce in yi haƙuri, kowane aiki da wahalarsa. Bayan mako guda lambarsa ta daina shiga.

Ta gudu daga gidan a wata na tara, ta faɗa cikin 'yan'uwanmu Takari a wajen Shara Mansur a Makka, su goma sha ɗaya a ɗaki ɗaya, kowa da kason haya. Ta yi aikatau na yini, ta sayar da abinci a ɓoye, kullum kunnenta na kan titi ko motar kame ta shigo. A shekara ta uku aka kama ta a bakin wani shago. Ta yi watanni a Shumaisi, babbar cibiyar tsare baƙi da ke tsakanin Makka da Jidda, wadda mutanenmu ke kira tarhil, aka ɗauki hoton yatsunta, aka sako ta jirgi. Da leda ɗaya ta sauka, a ciki akwai abaya biyu da silifa. Kayanta da 'yan kuɗin da ta ɓoye suna can ɗakin da ba a bar ta ta koma ba. Gonar kuwa wa'adin jingina ya wuce tun tuni.

Wani zai ce ai ita ce ba ta yi sa'a ba. To a duba abin da hukumar can ke faɗa da bakinta. Ma'aikatar cikin gidan Saudiyya kan fitar da adadin waɗanda ta kama saboda saɓa dokar zama da ta aiki da ta iyaka kowane mako, kuma a 2024 da 2025 adadin ya sha haura 20,000 a mako ɗaya. Wanda ya wuce kwanakin bizarsa na iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a kore shi. A watan Janairun 2021 gwamnatin Nijeriya ta kwaso kimanin mutum 800 daga wuraren tsarewar Saudiyya, bayan wani bidiyonsu ya yaɗu suna roƙon a zo a cece su. A watan Nuwamban 2023 wani jirgin Air Peace da ya bi ta Kano ya sauka a Jidda da fasinja 264, aka soke bizarsu nan take, 177 aka juyo da su gida ba su taka ko bakin titi ba. Kuɗin da suka kashe ya tafi ke nan.

Akwai kuma wanda ake yaudara da cewa ya shiga da bizar ziyara ya laɓe har lokacin Hajji, ya sauke farali a araha. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji. Su ne waɗanda ba su da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba su da mota, suna tafe a ƙasa cikin rana suna gudun jami'ai. Duk wanda ya kawo wa tsohonka ko tsohuwarka irin wannan shawara, ba ƙaunarsu yake ba.

Ko wadda ta shiga da bizar aiki ta gaskiya ba ta tsira gaba ɗaya ba, gara a san wannan. A watan Maris na 2021 Saudiyya ta sassauta dokar kafili ta yadda ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, wato ainihin ayyukan da ake kai mutanenmu. In ta bar gidan ba izini, kafili na iya kai rahoton hurub, cewa ta gudu, daga ranar ta koma sahun waɗanda ake nema. Bambancin dai ita tana da takarda da suna da wurin kai kuka. Mai bizar umara kuwa ba ta da komai.

Sai maganar jaka. Zainab Aliyu, ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano a lokacin, ta tafi umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a watan Disamban 2018. Aka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar taramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare, hukumar NDLEA ta bankaɗo waɗanda suka yi aikin, gwamnati ta sa baki, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. A farkon watan ne kuma aka zartar wa wata 'yar Nijeriya hukuncin kisa a can kan safarar ƙwaya. Zainab na da iyaye masu ilimi da suka tsaya tsayin daka har maganar ta kai Abuja. 'Yar Nariya da ba ta iya karanta takardar da aka liƙa a tikitinta ba, wadda ejan ya ce "riƙe wa Hajiya wannan saƙon, yaji ne da kuka da daddawa", wa zai tsaya mata? Kada wanda ya karɓi saƙon kowa, ko na wa ne, sai an zazzage shi a gabansa. A kuma ƙirga takardun jaka da aka manna a tikiti kafin a bar kanta.

Abin da ya fi ci mini rai bai shafi askarawa ko dillalai ba, a cikin gidajenmu yake. Magidanci zai tafi da alkawarin shekara biyu. Shekarar farko kuɗi na zuwa, ta biyu sai gaisuwa a waya, ta uku a ji a bakin wani alhaji cewa ya yi aure a can. Matar da ya bari tana ɗakinta a gidan surukai, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, ƙuruciyarta na tafiya, in ta yi magana a ce ba ta da haƙuri. Shari'a ba ta ce ta zauna haka ba. Tana da damar zuwa gaban alƙali kan rashin ciyarwa da doguwar ƙaura, kuma iyayen da ke hana ta don gudun surutu suna ɗaukar alhaki. Shi ma can ba daɗi yake ji ba: ba ya iya zuwa gida, domin in ya fito ba komawa, sai uwarsa ta rasu ya yi ta'aziyyar kansa a waya.

Auren da aka ɗaura a can tsakanin marasa igama ba shi da rajista, 'ya'yan da aka haifa ma haka. Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a cikinta. Yaro zai tashi a lungun Makka ko Karantina ta Jidda, ba takardar haihuwa, ba makarantar gwamnati, Larabci ne a bakinsa, Hausarsa guntu-guntu. Yana shekara 18 a kama shi a kan titi a sauke shi a Kano, garin da bai taɓa gani ba, abin da ya riƙe kawai sunan ƙauyen kakansa. Na taɓa haɗuwa da ɗaya daga cikinsu a tasha, yana tambayar motar Rano da harshen da yaran mota ke yi wa dariya. Har yau in na tuna fuskarsa sai gabana ya faɗi.

Mu da muke gida ma da namu laifin, babba kuwa. Mace za ta shekara huɗu tana goge tayil da gwiwoyinta, tana aiko kuɗi ta hannun mutane a saya mata fili a Rano ko a fanso gona. Ta dawo ta tarar yayanta ya sayi babur ya ƙara aure, kawu ya yi biki, fili kuwa sai "ana kan magana". Kowane suna, kowace rashin lafiya, kowane kuɗin taki, ita ake kira, ba mai tambayar a ina take kwana. Ita kuma kunya ta hana ta faɗin gaskiya, tunda an sayar da gona saboda ita. Sai ta ari abaya mai kyau ranar da ta samu fita, ta tsaya a gaban dogon benen agogo ta ɗauki hoto ta aiko. Wannan hoton ne matar da ke zagaya gidajenmu da la'asar take nuna wa ƙannenta. 'Yar'uwata ta gaya mini cewa nata hoton ma ya yi yawo a Kibiya a lokacin da take kwana a ɗakin ajiyar kaya.

Samari kuma ana jan su ta arewa, ta Daura ko Maigatari zuwa Damagaram da Agadas, wai Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit bayan motocinsu sun lalace, 52 yara ne, 33 mata, akasarinsu Hausawan yankin Kance, nan kusa da iyakarmu. Ƙishirwa ce ta kashe su. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure, hanyar ta sake buɗewa, amma hamadar ba ta rage ko taku ɗaya ba.

Ba tafiya nake hanawa ba. Mu jikokin fatake ne, kakanninmu sun kai Gwanja sun ɗauko goro, sun tafi Makka a ƙasa ta Barno da Sudan suna noma a hanya. Har yau akwai garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, wanda ya samo suna daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya jagoranci mutane can bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma tarihin nan ma ya nuna mana makomar baƙon da ba shi da takarda. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su fice, mutanen zango da suka shekara talatin a Kumasi da Ankara suka baro gidaje da shaguna. Ci-ranin da muka gada yana da ranar dawowa. Ana tafiya bayan kaka, a dawo kafin ruwan shuka, gona na nan tana jiran mai ita. Wanda ya sayar da gonar don ya tafi ya yanke igiyar da zai kamo ya dawo.

Saboda haka, ya ku iyaye, duk wanda ya zo da wannan magana a ce ya kawo fasfo da bizar a hannu, a kai wa wanda ya iya karatu ya duba me aka rubuta a kanta. In umara ce ko ziyara, kuma ana maganar aiki, a tashi daga zaman. A tambayi sunan kamfani da ofishinsa da lasisinsa: masu jigilar Hajji da Umara hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke ba su izini, masu ɗaukar ma'aikata zuwa waje kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Wanda ya ce ofishinsa a waya yake, ko ya ce a rufa maganar kada maƙiya su ji, ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane tana da ofishi a Kano, kuma kai rahoto ba ya buƙatar ko sisi. Wanda 'yarsa ta riga ta maƙale a can, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya a Jidda da ke ba da takardar komawa gida ga wanda ba shi da fasfo. A ce mata ta dawo, a kuma faɗa mata da baki cewa ba wanda zai yi mata gorin gona.

Dagatai da masu unguwanni, ba a cinikin gona a ƙasarku ba da saninku ba. Kafin ku shaida, ku tambayi abin da za a yi da kuɗin. Ina roƙon Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, Allah ya ja zamaninsa, ya sa hakimansa na Rano da Kibiya da Bunkure su ɗauki wannan magana kamar yadda ake ɗaukar maganar annoba. Limamai kuma su ba ta huɗuba guda kafin azumi, domin da sunan Ɗakin Allah ake wannan ciniki, kuma ba wanda za a saurara a kai kamar su.

Jiya na je gaishe da Inna, na tarar da 'yar'uwata tana tankaɗe a tsakar gida, tabon da ruwan wanki ya bar mata na nan a bayan hannunta. Na gaya mata maƙwabtansu na shirin jinginar da gona don 'yarsu ta tafi. Ta ajiye rariyar ta yi shiru. Can ta ce, "Yaya, shekara biyu ina cewa mutane lafiya lau na dawo. Ka gaya wa malamar Islamiyya ta tara mini matan ranar Asabar, har da uwar yarinyar. Zan zo da ledar da na sauka da ita."